Ranar da Mutu-ka-tashi Bai Tashi Ba

Wata Alhamis ce ta kaka, shekarar da aka sa ni makarantar boko, na fara ganin mahaifina ya mutu. A kasuwar Batsari ne, a filin da ke tsakanin 'yan hatsi da rumfunan mahauta. An ɗora ni bisa wani buhun gyaɗa aka ce in zauna in yi kallo, ina riƙe da guntun rake. Mutane sun yi da'ira, sai ga Baba ya shigo tsakiya cikin wata yagaggiyar riga da ban san shi da ita ba, an shafa masa toka a gemu, yana dogara sanda, yana faɗa da wani mai farar riga da ke lallashinsa ya je asibiti. "Ni da asibiti?" in ji Baba. "Kakana ba a taɓa soka mashi allura ba, kuma sai da ya ga jikan jikansa!" Bai rufe baki ba tari ya sarƙe shi. Sandar ta suɓuce, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya tafi ƙasa a hankali kamar katangar da ruwan sama ya jiƙa. Na yar da raken, na diro, na kutsa ta tsakanin ƙafafun manya na faɗa kansa ina kururuwa: "Jama'a ku taimaka! Babana zai mutu! Ba wasa yake ba!" Kasuwa ta ɗauki dariya gaba ɗaya, har da masu riƙe ciki. Ina cikin kukan sai na ga idonsa na hagu ya ɗan buɗe. Ya ce mini can ƙasa-ƙasa, "Halliru, ɗaga mani ciki, kai ne za ka kashe ni."

Daga ranar na shiga wasan ba tare da an yi shawara da ni ba. Shugaban ƙungiyar wasan su Baba ya ce ba a taɓa yin dariya irin ta ranar ba, don haka duk inda Baba zai faɗi, a tafi da yaron nan ya yi wannan kukan, ya faɗi waɗannan kalmomi, kada a canza ko ɗaya.

Sunan mahaifina Malam Sada. Manomi ne a Safana, yana da gonar gero da dawa ta wajen hanyar Tsaskiya, da 'yar fadamar da Inna ke shuka kuɓewa. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, kuma hannunsa na ajami yana da kyau, shi ya fara koya mini jan baƙi kafin in je gaban malam. Wasan kwaikwayo ya same shi ne ta ƙungiyar wayar da kan jama'a da ke zagaya kasuwanni da filayen makarantu, ana nuna wa mutane amfanin rigakafi da taki da rufe bakin rijiya. Daga can aka gan shi aka kira shi wasan talabijin a Katsina, da finafinan kaset suka shigo kuma aka riƙa aiko masa daga Kano. Bai taɓa fitowa a matsayin jarumi ba. Shi ne maigadin da barci ke kwashewa, shi ne baƙauyen da ke shiga mota da akuya, amma abin da aka fi nemansa dominsa shi ne tsohon da zai mutu tun farkon labari don magada su samu abin faɗa. Hotonsa ba ya hawa kwalin kaset. Da yawa ba su san sunansa na yanka ba, sai laƙabin da kasuwa ta raɗa masa: Mutu-ka-tashi.

Mutane sun ɗauka baiwa ce kawai. Mu da ke gida mun san aiki ne. Bayan rumbunmu akwai wurin da ake tara ƙaiƙayi, nan ne makarantarsa. In mun dawo daga gona, na ba awaki harawa, na ɗebo wa Inna ruwa, sai ya kira ni in tsaya in gani. Ya faɗi, ya tashi ya kakkaɓe, ya sake faɗi. Yakan ce faɗuwar mai yunwa daban, ta mai ciwon ƙirji daban, ta wanda aka gaya wa mugun labari daban. In muna zaune a ƙofar gida wani tsoho ya wuce, zan ga Baba ya bi shi da ido har ya sha kwana, gobe kuwa tafiyar tsohon nan tana jikinsa. Maganganun da za a ba shi ya faɗa, da yake bokonsa ba ta yi nisa ba, yakan sa a karanta masa ya mayar da su ajami a bayan takardar buhun siminti, ni nake riƙe masa yana haddacewa. Inna tana daka tana jin mu. Ba ta taɓa son abin ba. "Malam, ka bar kiran abin nan," ita ce maganarta kullum. Shi kuma ya ce, "Ba ta jin kira, Hajara. Ranar da za ta zo ba ta neman izni."

Yana da doka guda da bai taɓa karyawa ba, ko a kasuwa ko a gaban kyamara: sunan Allah ba ya shiga wasa. Ba ya rantsuwa a cikin wasa, ni ma ya hana ni. Kuma duk mutuwar da ya yi bai taɓa yin kalmar shahada a cikinta ba. An sha yin rigima da shi a kan haka a Kano, ana cewa ta yaya tsoho Musulmi zai cika babu salati. Yakan ce su sa kiɗa a wurin, ko su juya kyamara wajen masu kuka. "Wannan kalma na ajiye ta," in ji shi. "Ba ni so ranar da nake bukatarta harshena ya ɗauka gwaji ne."

A makaranta na zama abin nuni. In an tashi tara muna langa, duk wanda aka kayar sai ya miƙe ƙafa ya kafe ido, sauran su kewaye shi suna kwaikwayon muryata, "Ba wasa yake ba!" Da farko nakan yi dambe, daga baya na saba, har nakan gyara musu yadda ake yi. Ranar da sabon kaset ya iso gidan kallo kuwa, ni ne sarki. Ana ganin Baba ya fara tari sai ɗaki ya ɗauki sowa, ana cewa ga ta nan, ga ta nan. Ni kaɗai na san cewa wanda ake kuka a kansa a cikin akwatin yana gida yana gyaran ƙotar fartanya.

A kasuwar Batsari abin ya zama al'ada, ko babu ƙungiya ko babu wasa. Baba yana da aboki mahauci, Audu, tare suka yi karatun allo. Da mun ratso ta rumfarsa sai ya ɗaga wuƙa ya yi kira, "Mutu-ka-tashi, a mutu mana ɗaya mu gani!" Baba ya yi kamar ba ya so, sai tari, sai faɗuwa, ni kuma in yi kukana. Audu ya bari sai jama'a sun taru sosai, yana juya nama a kan wuta yana jan rai, sannan ya zare tsinken tsire mai zafi ya sunkuya ya kai hancin gawar. Hancin ya motsa, ido ya buɗe, gawa ta yi wuf ta cafke tsinken. Da haka ake tashi kullum, kuma ba a taɓa gajiya da shi ba.

Ina ajin ƙarshe na firamare abin ya faru. Shi ma kaka ce, mun kai gyaɗa a bayan a-kori-kura. Tun a hanya Baba ke cewa ƙeyarsa na sara, ya kuma ce mini hannunsa ɗaya ya yi nauyi, wataƙila kwanciya ce ya yi a kansa. Muka sayar, muka yi azahar, muka biyo ta layin mahauta. Audu ya hango mu ya yi kiran da ya saba. Baba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Yau dai a yi haƙuri, Audu, ba ni jin daɗi." Mutane suka fara murmushi, don haka yake farawa kullum. Ya yi taku biyu, sai ya faɗi.

Tun kafin ya kai ƙasa na san wannan ba tamu ba ce. Babu tari, babu lanƙwasa gwiwa. Gaba ɗaya ya tafi, kafaɗarsa ta bugi turken rumfa, hularsa ta gangara cikin ruwan wankin nama. Na durƙusa ina jiran idon hagu. Idon a buɗe yake, amma ba ni yake kallo ba, bakinsa kuma ya karkace gefe. Na miƙe na buɗe baki, kuma babu wasu kalmomi da suka zo mini sai waɗanda na shekara da shekaru ina faɗa a wannan fili. "Jama'a ku taimaka! Babana zai mutu! Ba wasa yake ba!"

Suka yi dariya. Da'ira ta haɗu kamar kullum, yara suna hawa buhuna don su hango. Na kama rigar wani dattijo mai sayar da igiya na roƙe shi ya duba mini shi, ya shafa kaina ya ce, "Kai yaro, ka fi ubanka iyawa." Na ruga wurin wani mai babur na riƙe masa hannu, ya janye yana dariya yana cewa kada in sa shi cikin wasan. Sai na yi abin da aka hana ni, na ce wallahi, na ce na rantse da Allah ba wasa ba ne. Wata mai fura ta ce wa ta kusa da ita, "Ke ji, yau har da ƙarin gishiri." Wani ya ce a dubi yadda ya karkata baki, wannan sabon salo ne daga Kano ya zo da shi. Na je gaban Audu ina cewa Baba Audu, Baba Audu, ya ƙyafta mini ido ya ce, "Bari ya gasu, ɗana. Gawa ba ta cin ɗanye." Ya ci gaba da barbaɗa yaji yana juya tsinke, yana kallon yadda jama'a ke ƙaruwa. Na koma na kama Baba ta hammata ina ja, ban iya ko ɗaga shi ba. In ban da rantsuwar, duk abin da na yi a wurin nan, na taɓa yin irinsa a cikin wasa. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san inuwar rumfa ba ta kai kansa ba lokacin da ya faɗi, kuma ta rufe shi kafin a ɗauke shi.

Daga ƙarshe Audu ya zaro tsinken, ya shigo tsakiya yana rangaji, ya sunkuya ya kai hancin Baba. Hancin bai motsa ba. Na ga murmushin Audu ya tsaya, ya ƙara kai kunnensa kusa da bakin da ya karkace. Leɓen Baba na motsi, harshe ya yi nauyi, amma ana jin abin da yake ta ƙoƙarin haɗawa: la'ilaha illallah. Tsinken ya faɗi cikin ƙasa. Audu ya ɗago ya daka wata tsawa da ban taɓa jin irinta ba, "Ku kawo mota! Sada ba ya faɗin wannan a wasa!" Ko a lokacin sai da wasu na baya suka ƙara yin dariya kafin shiru ya iso gare su.

A asibiti likita ya tambayi tun yaushe ya faɗi. Audu ya juya ya fuskanci bango. Aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Ko da an kawo shi da wuri zai tashi, ko ba zai tashi ba, wannan ilimin yana wurin Allah, kuma na daɗe da daina tambaya.

Ya rayu 'yan shekaru bayan haka a kan tabarma a zaure, hannun dama da ƙafar dama ba sa aiki, magana kuma ba ta fita sai kalma ɗaya ɗaya. Ni na karɓi gona. Daga Kano an zo dubiya sau ɗaya, aka samu wani tsohon da zai riƙa mutuwa. Audu kuwa duk Juma'a sai ya hau mota ya zo Safana da ƙunshin nama mai laushi, ya zauna yana yayyaga masa ƙanana yana ba shi a baki. Ba su taɓa tayar da zancen ranar ba. Wani lokaci in Audu ya sunkuyar da kai, sai Baba ya ɗan kanne masa idon hagu, shi ke nan abin da ya rage masa na sana'a. Ya cika wata ranar Talata bayan la'asar, Inna na riƙe da kansa, kalmar da ya ajiye tana bakinsa. Da aka gama yi masa wanka, kafin a rufe fuskar, na tsaya ina kallon idon nan fiye da yadda ya kamata, har liman ya dafa kafaɗata.

Yanzu ba a yin da'ira a kasuwar Batsari. Mutane na saye da sayarwa suna duban rana, kowa na so ya kama hanya da sauran haske saboda halin da yankinmu ya shiga, kuma gonarmu ta hanyar Tsaskiya ta yi shekaru ban taka ta ba. Rumfar Audu wani ne a cikinta. Amma Baba na nan yana yawo a wayoyin yara, an yanko wuraren faɗuwarsa an jera, ana turawa ana dariya, ba su san sunansa ba. Kwanan baya ɗana ƙarami ya kawo mini wayar yayansa yana ƙyalƙyala, ya ce in ga wani tsoho mai abin dariya. Na karɓa na kalla har ƙarshe. Faɗuwar mai ciwon ƙirji ce, na tuna ranar da ya gwada ta a bayan rumbu. Yaron ya ce, "Baba, ya mutu ne?" Na ce masa a'a, a wannan ya tashi.

Allah Ya jiƙan Malam Sada, Ya sa wannan kwanciyar hutu ce.