Shuɗin Zare a Bakin Baba Tela

Baba Tela ya yi rayuwarsa kaf da zare a baki. Almakashi na nan kan keken ɗinki, amma shi da haƙori yake tsinke zare, da haƙori yake riƙe allura, har haƙoran suka gaji suka yi masa sallama ɗaya bayan ɗaya. Wannan bai dame shi ba kamar maganar da babbar 'yarsa ta fito da ita, wai hannunsa ya fara rawa, ya rufe shago ya huta. Mutumin da ya ɗinka wa rabin unguwa kayan makaranta! Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Ita ce ta kai shi wurin likitar haƙori, aka dasa masa 'yan ƙusoshin ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi. Da wurin ya warke, likita ta baje masa hanyoyin da haƙoran roba za su kama ƙusoshin. Akwai na maganaɗisu, mai sauƙin wankewa, sai dai riƙonsa sako-sako ne. Akwai mai kama da maɓallin riga, a danna ya ce ƙwas. Sai kuma wata 'yar gadar ƙarfe da ke haɗa ƙusoshin, wadda ta fi su riƙo.

"Amma Baba, gadar tana da sharaɗi," in ji likita. "Kullum sai an zura zare ta ƙarƙashinta an goge. In abinci ya maƙale, dasashi zai kumbura. Sai mai tsayayyen hannu."

"A ba shi na maganaɗisun," in ji 'yar.

"Gadar nake so," in ji Baba Tela, ko kallonta bai yi ba. Kowa ya san halinsa, in ya kafe sai dai a haƙura.

Ba a jima ba dasashin ya kumbura, har da jini. Ya yi ta ɓoyewa, yana tauna da gefe guda, har 'yar ta kama shi yana yamutsa fuska. A hanyar asibiti ta ce da shi a hankali, "Baba, ba abin kunya ba ne. Hannu ne ya gaji." Tsoro ya kama shi, kada dai gaskiya ta faɗa.

Likita ta cire haƙoran ta leƙa, ta sa ɗan ƙarfe ta zaro wani guntun shuɗin zare.

"Baba, ina zaren da na ba ka?"

"Wancan mai santsi? Ai ba zare ba ne, 'yata. Nawa na sa, mai ƙwari."

Dariya ta ƙwace wa likita. "To shi ya yayyanka maka dasashi." Ta yafito 'yar, ta karkata mata madubi. "Zo ki gani. Ƙarƙashin gadar nan fes yake, lungu-lungu. Samari ma da ƙyar suke kai zare nan. Hannun Baba lafiyarsa lau, zaren ne mai laifi."

Baba Tela ya wuce gida kansa ya yi gingirin don alfahari.

Washegari yana kan keke sai ga 'yar a ƙofar shago, da riga a hannu, tana sunkuyar da kai.

"Baba, bakin rigar nan ya warware."

Ya karɓa, ya jujjuya ta, ya taɓe baki ga ɗinkin wani telan.

"Akwai mutane a gabanki," ya ce. "Ki bi layi."