Caca a Ƙarƙashin Sunan Makarantar Baba

Mahaifina yana da makarantar Islamiyya a unguwar Maamobi, nan Ghana, ɗakuna uku a bayan gidanmu, ni ma a nan nake koyar da ƙananan yara. Da tsofaffin ɗalibansa na ƙasashen waje suka matsa a buɗe wa makarantar shafin intanet, sai aka ba wani mai shagon buga katin biki a unguwar Nima aikin. Mutum ne shiru-shiru, ba ya shiga sabgar kowa.

Wata Asabar yayana ya kira ni daga Jamus, ko gaisuwa bai gama ba.

"Kin nemi sunan makarantar Baba a injin bincike kwanan nan?"

Na nema. Sunanmu ya fito, amma a ƙarƙashinsa tallar caca ce ta wasan ƙwallo. Na danna, sai ga shafinmu lafiya lau, yara a aji, Baba cikin farar rigarsa. Na koma baya, cacar tana nan.

Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallon wayar. Shekaru yana yi wa samarin unguwa wa'azi a kan wannan cacar. Ya aika aka kira mai katin, ya tare shi a ƙofar gida, gaban iyayen yara.

"Wallahi Malam, ban san da wannan ba," in ji mutumin.

"Wanda ya gina ɗaki ai shi ya san inda ya bar ƙofa," Baba ya ce, ya shige ciki.

Magana ba ta kwana a Zongo. Masu biki da masu suna suka fara kai aikinsu wasu shaguna a unguwar Kotobabi.

Wata tsohuwar ɗalibar Baba, mai aikin kwamfuta a cikin gari, ta ji labari ta hau trotro, motar haya, ta zo. Ta zauna a tabarma ta bincika, sannan ta ce wasu ne suka yi kutse, suka dasa abin da ke duba mai shigowa. In mutum ne, ya nuna masa makaranta. In injin bincike ne ya zo karanta shafin, ya nuna masa caca, don sunanmu mai kyau ya ɗaga nasu shafukan.

"'Yan wace unguwa ne?" Baba ya tambaya.

"Baba, ƙila ko inda Ghana take ba su sani ba. Haka suke yi wa duk shafin da suka samu da rauni."

"To, mai katin fa?"

"Ba hannunsa."

Ta share abin a ranar, ko da yake tallar ta ɗan jima kafin ta ɓace daga injin.

Washegari Baba ya ce in raka shi Nima. Ga ciwon gwiwa, amma ya ƙi hawa mota. Ya tsaya a bakin shagon, ya ɗaga murya yadda mai sayar da waakye, shinkafa da wake, da tela na gefe za su ji.

"Na zalunce ka, ɗana. Ka yafe mini."

Mutumin ya sunkuyar da kai, ya jawo wa Baba kujera, ya aika a sayo ruwa.

"Ya wuce, Malam."

Wasu masu kawo aikin sun dawo masa, wasu ba su dawo ba. Shafin kuwa ya roƙi a ba wani ya ci gaba da kula da shi. Har yanzu wurinsa nake kai takardun jarrabawar yara, kuma in ya miƙo mini su sai ya ce in gaida Malam.