Bikon da Na Yi ta Imel

A lokacin da abin nan ya faru ni ce sakatariyar wata ƙaramar ƙungiyar mata a Gummi, masu yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ni kaɗai na yi karatu a cikinsu, kuma Allah ya yi ni da son bin diddigi, ba na ganin abu in ƙyale shi sai na taɓa. Shugabarmu dattijuwa ce, kowa Inna yake ce mata. Babbar mai sayen kayanmu wata hajiya ce mai kanti a Abuja, ta imel take aiko da odarta, kuma da cinikinta ƙungiyar take tsaye.

Na halarci wata bita a Gusau, bayan an watse aka aiko mana da saƙon godiya, adireshin kowa a fili, har da na baƙi daga ƙasashen waje. Na ce wannan ai kasuwa ce ta zo har gida. Na kwashe su duka, na zuba a wata manhajar tura saƙon talla, ban tambayi kowa ba. Manhajar ta burge ni ƙwarai, tana nuna wanda ya buɗe saƙo da wanda bai buɗe ba, har na riƙa leƙawa ina tuƙa tuwo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wani ɗan layi da take saƙalawa a ƙarshen kowane saƙo, wai wanda ba ya so ya latsa a cire shi. Mutane kuwa suka fara latsawa.

Mu a wurinmu idan mutum ya janye daga harkarka, to an ɓata masa ne, sai a bi shi a ba shi haƙuri. Don haka na shiga biko. Duk wanda ya cire kansa sai in bi shi ta adireshin ƙungiya, in gaishe shi da iyali, in tambayi laifin da muka yi, in haɗa masa da hoton ƙuli-ƙuli. Wani bawan Allah ya amsa cewa don Allah in daina. Na ɗauka kara ce irin tamu, wadda baƙo zai ce ya ƙoshi alhali yana so, na sake aika masa.

Wata safiya na tarar an rufe asusunmu na manhajar, an ce mutane sun kai ƙararmu. Na zauna na karanta ƙa'idojin da na amince da su tun farko ban karanta ba. Ashe doka ce sukutum, a ƙasarmu da ƙasashen masu karɓa: ba a tura wa mutum talla sai da yardarsa, dole a bar masa hanyar fita, kuma idan ya fita an gama, ba a binsa ko da sunan gaisuwa. Na yi ta mamakin yadda ladabin da aka koya mini ya zama laifi.

Ban san ɓarnar ta wuce nan ba. Adireshinmu ya riga ya yi baƙin jini, duk abin da muka aika sai ya faɗa akwatin tarkace na imel, inda ba a cika dubawa ba. Hajiya ta aiko da odar azumi, na amsa nan take, ba ta gani ba. Ta jira, ta ɗauka mun raina ta, ta koma wurin wasu. Muna nan da jarkokin mai jere a zaure lokacin da na kira ta ta gaya mini.

Da na fayyace wa Inna komai ba ta yi faɗa ba, ta dai dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, biko ai wanda ya san ki aka yi ma. Waɗanga mutane ina sunka san ki?" Kunya ta kama ni har na fi son a ce ta zage ni.

Abin da na koya shi ne adireshin mutum ƙofar gidansa ce, ganinta a buɗe bai ba ka izinin shiga ba. Ina jan kunnen masu talla ta imel, ku nemi yarda tukun, wanda ya ce a cire shi ku cire shi ku bar shi. Ni har yau duk ranar kasuwa nakan ga Inna zaune a rana da tiren ƙuli-ƙuli, tana sayar da ɗai-ɗai abin da a da mota take zuwa ɗauka, kuma na san ni na zaunar da ita a wurin.