Tela da Jerin Masu Jira

Shekara goma sha tara Tela ya yi yana ɗinka wa makarantar da ke tsallaken titi yunifom, amma da lokacin shigar 'yarsa ya yi, sai aka ce babu gurbi. Tela kowa yake ce masa a layin, har matarsa in ta ji haushinsa. Shagonsa ɗan tsukuku ne, keke biyu, teburin yanka ɗaya, da wata kujerar katako da iyaye ke zama a kai suna jiran a auna 'ya'yansu. Daga inda yake taka keke yana hango ƙofar makarantar, ya san ƙarar ƙararrawarta fiye da ta wayarsa.

Shi kansa bai wuce aji huɗu ba. Kawunsa ne ya cire shi ya zaunar da shi gaban keke, ya ce hannu ya fi takarda saurin cika ciki. Lamba dai ba ta ba shi wahala, yana iya faɗa maka faɗin kafaɗar yaro kafin ya ɗora masa tef, amma doguwar wasiƙa sai ya bi ta da yatsa, bakinsa na motsi. Wannan abu yana ci masa rai, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Shi ya sa ya ɗora ransa kacokan a kan 'yarsa guda ɗaya, wadda ake ce wa Maɓalli tun ranar da ta haɗiye maɓallin riga tana 'yar shekara biyu, aka yini a asibiti ana jiran ya fito.

Abin da ya kayar da su nisa ne. Ofishin ilimi daga ƙofar gida yake awo, ba ruwansa da inda uba yake sana'a, gidansu kuwa yana can bayan gada, ya zarce iyakar da aka ja da abin da bai fi tsawon shaguna biyar ba. A cikin wasiƙar da ofishin ya aiko dai an ba Maɓalli gurbi a wata makarantar, mota ɗaya daga gida. Matarsa, wadda ke aikin wanki da guga a wani otal, ta ce su karɓa tukuna, in ya so su ɗaukaka ƙara daga baya. Tela ya ce sam.

Hujjarsa ta teloli ce, kuma ya yarda da ita ɗari bisa ɗari. A shagonsa, in mutum biyu suka kawo ɗinki rana ɗaya, wanda ba shi da ko riga guda ta fita shi ake fara yanka wa, mai wata rigar a gida ya jira. Haka kawunsa ya yi, haka shi ma yake yi, kuma a ganinsa haka duk mai hankali zai yi. In suka karɓi wancan gurbin, mutanen ofis za su ce ai yarinya ta samu wuri, su ture takardarta gefe. In kuwa suka gan ta tsaye ba ta da ko'ina, dole su fara da ita. Sai ya sa hannu a wurin da aka rubuta ba ya so, ya mayar musu da takardarsu yana jin kansa gwanin dabara.

Ya ɗaukaka ƙara, ranar sauraronta kuma ya sa rigarsa mafi kyau. Mutum uku ne a bayan dogon tebur, da jarkar ruwa a gabansu da ba wanda ya taɓa. Sun saurare shi da ladabi, har ɗayansu ya ce Tela ne ya ɗinka wa ɗansa yunifom. Bayan kwana shida wasiƙa ta zo. Matarsa ta karanta masa a tsaye, jakarta a kafaɗa: ba a sami kuskure a awon nisa ba, aji ya cika, kuma rashin makarantar yarinya ba ya sa a fifita ta, tun da iyayenta ne suka ƙi gurbin da aka ba ta. Ta ninke takardar ta ajiye masa a kan keke. Ba ta yi masa gori ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ya je ofishin ilimi washegari. Matar da ke bayan gilashi mai haƙuri ce, irin haƙurin wanda ya faɗi magana ɗaya sau dubu. Ta ce zai iya kai koke sama, amma su can ba sa duba ko yarinya ta cancanta, abin da suke dubawa shi ne ko kwamitin da ya saurare shi ya karya ƙa'ida, kuma ita ba ta ga inda ya karya ba. Sabuwar ƙara kuma sai baɗi, sai dai in sun tashi daga gidan. Ta ce akwai masu koyar da 'ya'yansu a gida, mai duba karatu ya riƙa zuwa yana gani, ta ɗago ta tambaye shi ko zai iya. Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsunsa. Gurbin da ya ƙi kuwa tuni aka ba wani. Wanda ya rage yana can ƙarshen gari, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa. Ta miƙo masa fom ɗin karɓar wannan gurbin, ta kuma ce ta sa sunan Maɓalli a jerin masu jiran makarantar da yake so, ita ce ta huɗu.

Kalmar nan ta huɗu ita kaɗai ya fito da ita a kunnensa. Fom ɗin ya ninke ya cusa ƙarƙashin littafin awo.

Aka buɗe makaranta. Maɓalli ba ta da inda za ta zauna in uwarta ta tafi aiki, sai ta riƙa bin shi shago. Ta zauna a kujerar katako da tsofaffin littattafanta, bayanta ga titi. In an kaɗa ƙararrawa ba ta waiwayawa, sai dai fensirinta ya tsaya. Ƙawayenta na da can suna wucewa cikin rigunan da ubanta ya ɗinka, su ɗago mata hannu, daga baya suka daina, ba don mugunta ba, yara ne, sun yi sababbin ƙawaye. Yarinyar da a da sai an ce ta yi shiru ta koma sai an tambaye ta sau biyu.

Jerin masu jira kuma ashe ba layin famfo ba ne. Shi ma da nisa ake jera shi, duk wanda ya tare kusa da makaranta sai ya shiga gabanka ko jiya ya zo. Mako na uku Maɓalli ta koma ta shida. Tela ya san su waye, don shi ya auna su: wasu tagwaye ne daga sabon benen da ke bayan shagonsa, uwarsu ta zo yi musu kaya tun kafin a kira su. Ya auna su yana murmushi, haƙoransa a cije.

Daga nan ya zama wani iri. Duk uwar da ta zauna a kujerar nan sai ya ja ta da hira, ya ji ko an yi wa maigidanta canjin wurin aiki, ko mai gida ya ba su takardar tashi, ko aure ya fara tangal-tangal. Ba a taɓa sanin Tela da tsegumi ba, amma ga shi ya iya, har ya fi masu yi tun da. Kuma jerin yana motsi. Wasu suka bar gari, tagwayen suka shiga, wasu iyayen suka gaji suka cire suna. Duk Litinin yakan buga waya ofis. Ta biyar, ta uku, ta biyu. Mako na bakwai matar ofis ta ce masa Maɓalli ce ta ɗaya, amma kada ya yi murna, ta ɗaya takan shekara tana ta ɗaya. Ta ƙara da cewa yarinya ta daɗe a gida fiye da yadda za su kawar da kai. In fom bai iso ba kafin sha biyun ranar Juma'a, za a ba wani gurbin ƙarshen garin, su kuma a aiko musu da sammaci.

Akwai abin da Tela ya sani wanda matar ofis ba ta sani ba. Wata yarinya 'yar aji ɗaya a makarantar tsallaken titi, sa'ar Maɓalli, 'yar wata mai sayar da kayan miya a bakin kasuwa, sau biyu uwarta na kawo siket ɗinta a tsuke. Farkon zango ƙugunta inci ashirin da huɗu ne, shi ya rubuta da hannunsa. Bayan wata ɗaya ya zama ashirin da biyu. Ran Talatar nan uwar ta sake zuwa, ita kaɗai, da wani zare da ta auno ƙugun yarinyar da shi daga gadon asibiti. Ya shimfiɗa zaren a kan tef, ashirin bai cika ba. Ta ce likitoci suna ta gwaje-gwaje, ita kuwa yarinyar ta nace sai an gyara mata kayanta, wai ran Litinin za ta koma aji. Ya ce Allah ya ba ta lafiya, kuma har ga Allah ya ɗauka da gaske yake. Amma da ta fita, ya tarar da idonsa a kan littafin awo, inda fom yake kwance, ya ji a ransa cewa ba sai ya yi gaggawa ba.

Matarsa ta tambaye shi fom ran Laraba da safe, ya ce akwai lokaci. Ta sake tambaya ran Alhamis, suna tsaye a bakin ƙofa, Maɓalli tana ɗaura takalmi a ciki.

"Baban Maɓalli, me kake jira?"

"Ita ce ta ɗaya. Gurbi zai iya buɗewa kowane lokaci."

"Gurbin wa?"

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take wa tabon da ta rasa daga inda ya fito, sannan ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

Ran Juma'a wajen ƙarfe goma mai kayan miya ta zo karɓar siket. Ta rame ita ma, zanenta na warin asibiti. Tela ya miƙa mata a goge, a ninke. Ta warware, ta juya cikinsa waje kamar yadda mata ke yi, ta bi ɗinkin da yatsa. Sai ta tsaya.

Duk telan da ya san aikinsa, in ya tsuke kayan yaro ba ya yanke rarar yadin. Ninke ta yake yi a ciki ya danne da guga, don yaro girma yake, gobe za a dawo a ce a buɗe. Sau biyun farko haka ya yi mata. Wannan karon almakashi ya bi gefen ɗinkin tsaf, inci huɗu na yadi ya tafi kwandon shara. Bai tuna lokacin da ya yanke shawarar yin haka ba. Hannunsa ne ya yi, hannun da ya shekara talatin bai taɓa mantawa ba.

Ta ce, a hankali, "Malam, ba ka bar mata wurin buɗewa ba."

Ya buɗe baki zai ce kuskure ne, zai ɗinka mata sabo kyauta. Idonta ya riga ya tafi kan kujerar katako, inda Maɓalli ke zaune da kayan gida a ranar makaranta, littafi a cinya. Layin nan ba wanda bai san zancen jerin masu jira ba, Tela da kansa ya baza shi. Matar ta dubi yarinyar, ta dube shi. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ninke siket ɗin ta sa a jaka, ta fita ba sallama.

Kunya ta rufe shi, har ya ji ba ya iya kallon 'yarsa. Ya zaro fom, ya cike shi a tsaye, Maɓalli na faɗa masa yadda ake rubuta sunan makarantar. Ya rufe shago, suka tari mota. Saura minti ashirin sha biyu ta cika suka isa. Matar ofis ta buga hatimi ta ce yarinya ta fara ran Litinin. Ta kuma ce kada ya damu, karɓar wannan gurbin ba ya taɓa matsayinta a jerin, tun farko ma da ya karɓi wancan haka abin yake. Suna yana nan a na ɗaya, in wuri ya buɗe za su kira shi, sai fa in yana so a cire.

Tun a mota ya shirya zai ce a cire. Ya dubi Maɓalli, ya tuna mota huɗu kullum, da damina da rani, shekara shida. Matar na jira, biro a hannu. Ya ce a bar shi.

Yanzu Maɓalli kan fita tun gari bai gama wayewa ba, ta dawo la'asar sakaliya, ta biya shago ta yi aikin gida kafin su tafi tare. Ta fara surutu kuma, tana kwaikwayon malamin lissafinsu. Mai kayan miya ba ta sake bi ta layin ba, kuma Tela ba ya tambayar kowa labarin 'yarta. Ya daina buga waya ran Litinin. In uwa ta zauna a kujerar katako ta fara ba shi labarin gidan wani, sai ya ƙara taka keke.

Mako na biyar da fara zuwanta, wata Laraba da yamma, waya ta yi ƙara a kan teburin yanka. Daga inda yake ya ga lambar, ya san ta kamar awon kafaɗarsa. Ƙafarsa ba ta bar keke ba. Maɓalli ta ɗago daga littafinta, ta leƙa, fuskarta ta washe.

"Baba, ofis ne. In ɗauka?"