Baba Halo da Maɓallan da Ba Su da Suna

A jami'ar da nake aiki, in ka ce kana neman Baba Halo, ba wanda zai tambaye ka wanne. Shekara ashirin da bakwai ya yi a ɗakin haɗa waya, wani ɗan tsukukun ɗaki a ƙarƙashin matakalar ginin gudanarwa, mai taga ɗaya da fanka mai kuka. Duk wanda ya bugo daga waje, muryarsa yake fara ji: "Halo, jami'a ce, da wa za a haɗa ka?" Daga nan sunan ya bi shi. Matarsa ma in ta kawo masa abinci, cewa take yi wa masu gadi wajen Halo ta zo.

Ƙyanda ce ta tafi da idonsa yana ɗan shekara tara. Shi kuwa in yana ba da labarin, sai ya ce ya riga ya ga mahaifiyarsa, ya ga ruwan sama, ya ga ja da kore, saura duk maimaici ne. Lambobin ofisoshi fiye da ɗari huɗu suna kansa. Ya san farfesan da ba ya ɗaga waya kafin sha ɗaya, ya san wanda ke ofis amma yake cewa a ce ba ya nan. Kwamfuta kuwa ya iya ta fiye da yawancin masu ido. Akwai manhajar da ke karanta masa duk abin da ke kan allo, ya sa mata suna Aku, wai don abin da aka koya mata kawai take faɗi.

Ni ce na gina shafin ma'aikata na intanet, inda ake neman hutu, ake duba sanarwa, ake cika fom. Wata shida na yi a kansa. Shuɗi ne mai kyau, hotuna suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, maɓallan duk ƴan zane-zane ne ba rubutu, don ni a ganina rubutu ƙauyanci ne. Ogana ya yaba min a gaban taro, kaina ya kumbura har ƙofar ofis ta kusa yi min kaɗan.

Sai aka fitar da sanarwa: an sayo sabon tsarin waya mai haɗa kansa, za a rufe ɗakin Baba ƙarshen wata. An buɗe gurbi guda ɗaya, na wanda zai riƙa amsa waya yana nuna wa ma'aikata yadda za su bi da shafin. Ta shafin kaɗai ake nema, ranar Juma'a ƙarfe huɗu za a rufe. In Baba bai samu gurbin nan ba, sai gida, alhali saura masa shekara shida ya ajiye aiki, ga ƴaƴa mata biyu a makaranta.

Ranar Laraba da safe na ji ƙwas, ƙwas ɗin sanda a matakala. Sai ga shi da kwamfutarsa a hammata.

"Ina Injiniyar da ta gina gidan nan mai kyau?"

"Ga ni, Baba. Sannu da zuwa, ga kujera a damanka."

"Yawwa ƴata. An ce gidan ya yi kyau ƙwarai. Kwana uku ina zagaya shi ban sami ƙofa ba."

Na ce ai wannan ba wani abu ba ne, ya kawo in cika masa fom ɗin, minti biyar an gama. Har na miƙa hannu. Ya dafe kwamfutarsa.

"A'a. Aikin da nake nema shi ne nuna wa mutane hanya a cikin shafin nan. In ke kika cika min, ranar ganawa me zan ce? Ga jagora ya zo, amma goyo shi aka yi?"

Ya cire abin kunnensa, ya ƙara murya, ya ce in saurari abin da Aku ke gani. Ya fara danna madannai. Aku ta ce, "Maɓalli." Ya sake dannawa. "Maɓalli. Maɓalli. Maɓalli."

"Wanne ne na hutu, wanne ne na ajiye aiki?" in ji Baba. "Ina tsoron in danna in kori kaina."

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Ashe duk hoton da ba a rubuta masa bayani ba, sunan da aka ajiye shi da shi a kwamfuta Aku ke karantawa. Ni kuwa na san irin sunayen da nake ba hotuna in na gaji. Cikin muryarta mai sanyi, kamar mai karanta labarai, ta fara: "Hoto, na ƙarshe. Hoto, na ƙarshe na biyu. Hoto, na ƙarshe wallahi." Abokan aikina suka fara ƙunshe dariya. Daidai lokacin da Oga ya leƙo da kofin shayinsa, Aku ta ce, "Hoto, Oga ya sake canza ra'ayi."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Oga ya dube ni, ya dubi kwamfutar, ya ce, "Ai kuwa na canza," ya yi gaba abinsa. Baba ya yi dariya har da goge hawaye.

Raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye ba. Wata shida na aiki, a ce ba ƙofa? Na ce, "Baba, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Saura kwana biyu fa."

"To sai mu fafe shi yau," ya ce. Ya lalubo teburina, ya zare linzamin kwamfutata, wato maus, ya jefa a aljihu. "Kashe allon kuma. Nemi hutun kwana uku in ji."

Ya sa min Aku a kwamfutata. Minti ashirin ina fama, allo a kashe, madannai kawai da muryar Aku. Na faɗa cikin kalandar zaɓen rana na kasa fita. Na cika fom rabi, shafin ya ce lokacina ya ƙare, ya share komai. Ni na sa wannan lokacin da hannuna, minti uku, kuma na yi alfahari da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, aka ce, amma ni sai da baƙo ya nuna min nawa.

Kwana biyu muka yi kujera kusa da kujera. Na ba kowane maɓalli suna, na rubuta wa kowane hoto bayani, na jera akwatunan fom yadda mai madannai zai bi su daga sama zuwa ƙasa. Ina gyarawa yana gwadawa, in bai yi ba ya ce, "Injiniya, an sake rufe ni a banɗaki." Labari ya bazu. Sai ga wani akawu mai rawar hannu ya zo, ya ce shekara biyu abokinsa ke cika masa takardar hutu don linzami ba ya tsaya masa. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje da ba ta ji ta rubuto cewa bidiyon sanarwa ba rubutu a ƙasa. Duk suna nan tuntuni, ba wanda ya taɓa hawo matakalar nan ya faɗa min.

Ranar Juma'a ƙarfe uku da kwata Baba ya cika fom ɗinsa tun daga suna har ƙasa, ni ina gefe hannuwana a cinya. Aku ta ce, "Maɓallin aikawa." Ya yi bisimilla ya danna.

Shiru. A kan allo ga koriyar alamar an karɓa ta fito, babba, kyakkyawa, wadda na zana da kaina. Aku ba ta ce uffan ba, don hoto ne, kuma shi kaɗai na manta.

"Baba, ai ta..."

Ya ɗaga hannu. "Kada ki faɗa min. Shafin nake so ya faɗa min." Ya gyara zama. "Shekara ashirin da bakwai, duk takardata sai wani ya karanta min, sai wani ya cika min. Hutuna, rashin lafiyar matata, ƙarin girmana, kowa ya riga ni sani. Wannan guda ɗaya ina so ta tashi daga hannuna, amsarta ta dawo kunnena."

Tausayi da kunya suka kama ni lokaci ɗaya. Na juya na rubuta layin da ya rage. Ƙarfe huɗu saura kwata na ce ya sake buɗe shafin.

Aku ta ce, "An karɓi takardarka."

Ya sa ta maimaita sau uku. Sannan ya ciro wayarsa ya kira matarsa, ya kara wayar a bakin kwamfuta, ya sa Aku ta maimaita na huɗu.

Mutum bakwai suka nemi gurbin. A wajen ganawa an ce kowa ya nuna yadda ake neman hutu, Baba ya gama kafin na kusa da shi ya gano inda fom ɗin yake. Yanzu teburinsa yana hawa na biyu, ƙofa biyu tsakaninmu. Ina jin sa yana lallashin farfesoshi: "Ranka ya daɗe, kwantar da hankalinka, maɓalli na uku ne daga sama. Ba ka gan shi ba? Ikon Allah."

Na sayi sabon linzami, amma duk shafin da na gina, sai na kashe allo na bi shi da madannai kafin in sake shi. Tsohon linzamin yana cikin aljihun teburin Baba. Kwanan baya na ce ya ba ni abina.

"Akawu ya nemi hutunsa da kansa jiya," ya ce. "Saura mai ɗakin gwaje-gwaje, bidiyo goma sha ɗaya ba rubutu. Ki gama, sai ki zo ki karɓa."