Yatsan Wilfred a Tudun Alli

Duk wanda ya bi hanyar ƙauyenmu zai hango siffar farar rana a jikin koren tudu, da yatsun haskenta a baje. Sojojin Ostireliya ne suka haƙa ta lokacin yaƙin duniya na farko, suka cika ramukan da alli, sannan aka kwashe su zuwa fagen daga. Yawancinsu ba su sake ganinta ba.

Ciyawa ba ta san tarihi ba, don haka kowace bazara mutanen ƙauye kan hau su yi mata noma. Kowa da yatsansa. Na Wilfred Maidment, makiyayin tumaki, shi ne na uku daga hagu, tun yana saurayi.

Wanda ke kan tudu ba ya ganin siffar abin da yake gyarawa, sai farin dutse a ƙafarsa. Shi ya sa Enid, matar Wilfred, kan tsaya can ƙasa, bakin shinge, da jan ɗankwali. In ta kaɗa dama, ya faɗaɗa dama. In ta sauke, ya tsaya. Haka suka yi har gashinsu ya yi kalar allin.

Enid ta rasu da hunturu. Da bazara ta zo, gwiwar Wilfred ta ƙi hawa. Tsoronsa ɗaya, kada yatsan ya lalace a hannun wani.

"Baba, ba ni fartanyar," in ji 'yarsa Bridget.

"Ke da ba ki iya yanka burodi a miƙe ba?"

"Gado na yi. Riƙe ɗankwalin."

Ya tsaya inda Enid ke tsayawa, ya ɗaga kai. Kullum yana wucewa ta nan da tumaki, amma bai taɓa tsayawa ya auna yatsun da ido ba. Sai ga nasa ya fi sauran kauri, kamar wanda ƙofa ta datse.

Bridget ta sauko shan shayi ta same shi yana kallon tudun.

"Uwarki ta cuce ni. Dubi wannan kumburin. Shekara da shekaru tana ta kaɗa mini in ƙara."

Ta yi dariya har shayin ya zube. "Kowa ya sani, Baba. Da idonta ya fara rauni, ta ce daga tagar kicin ba ta iya bambance naka, shi ya sa ta riƙa sa ka ƙara. Kai kaɗai ne ba a gaya wa ba."

Ya daɗe yana murza ɗankwalin.

"In rage shi?" ta tambaya.

"Koma ki hau."

Da ta kai, ta juyo tana jira. Wilfred ya ɗaga jan ɗankwalin, ya kaɗa shi dama, kaɗan kawai.