Ranar da Na Fara Zaɓen Alhajin Damagaram

A shekarata ta biyu ina karatu a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, gab da shiga shekarar dubu biyu, mu 'yan Afirka ta Yamma ba mu da yawa a garin. Duk Asabar bayan la'asar muna haɗuwa a filin ƙwallon makarantarmu, ɗalibai da 'yan kasuwar da suka zo sari. Kyaftin biyu ake tsayarwa su riƙa zaɓen 'yan wasa bi da bi. Duk wanda zaɓen farko ya faɗo masa, mutum ɗaya yake nunawa: wani dogon ɗan Ghana, ɗan wasan gaba, mai gudu kamar an biyo shi.

Ranar da aka ba ni kyaftin, sai na tsallake shi. Na nuna wani Alhaji ɗan Damagaram mai sarin jakunkuna a garin Shiling da ke kusa da mu, mai tumbi, ya haura arba'in, wanda kullum sai an gama zaɓe ake cike gurbi da shi. Na yi makonni ina lura da shi. Ba ya gudu, amma duk inda ya aika ƙwallo, a ƙafar mutum take sauka.

Fili ya ɗauki dariya. Abokin ɗakina, Bakano irina, ya ja ni gefe yana faɗa, wai zaɓen farko na mai zura ƙwallo ne, mai rabawa kuwa ko a na biyar zan same shi tunda ba mai so. Na ce masa haka ne, amma in na ɗauke shi na biyar, ba wanda zai ba shi ƙwallo.

Alhaji ya matso yana gyara wando. "Ƙanena, ka tabbata kuwa?"

"Na tabbata, Alhaji. Ka tsaya a tsakiya, gudun namu ne."

Ɗaya kyaftin ɗin ya ɗauki ɗan Ghana, ni kuma na ɗauki abokina. Ba a jima da farawa ba ɗan Ghana ya zura mana ɗaya. Abokina ya harare ni. Sai ƙwallo ta je wurin Alhaji. Ya taka ta, ya ɗaga kai, ya cilla ta saman 'yan bayansu, ta sauka gaban abokin nawa, shi da gola kawai. Ya buga ta shiga. Daga nan kowa ya samu ƙwallo sai ya nemi Alhaji. Abokan karawarmu kuwa suka bar ɗan Ghana a gaba yana ɗaga hannu, ba mai kai masa.

Huɗu da biyu muka tashi, uku cikin huɗunmu daga ƙafar Alhaji suka fito. Ɗaliban Sin da ke kallo a bakin fili suna ta tafi suna kiransa lawban, wato maigida. Shi kuwa ya zube kan ciyawa, riga sharkaf, yana dariya yana haki. Mu huɗu muka ɗaga shi a kafaɗa, abokina a gaba, har bakin famfon da muke alwalar magariba.